Fensirin da Ya Rasu a Kuncin Surukata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai wanda har yau ya ƙi ɗaguwa, ni Kefas Abel, malamin firamare a nan Zuru, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abokin aikina, fensirin kala mai ruwan ƙasa, wanda muke kira Ɗan Ƙasa a gida. Ya rasu ranar Asabar, jajibirin bikin Godiyar Kaka, a Manga, a tsakar gidan surukata, a gaban matan zumuntar majami'a. Ya cika yana bakin aiki. Wanda ya jawo masa ajali shi ne mai wannan sanarwa, kuma tunda labarin ya riga ya zaga kasuwa, gara a ji shi daga bakin mai shi.

Marigayin haihuwar ƙasar waje ne, ko da yake babu wanda ya kai shi sanin Zuru. Ya iso cikin wani gwangwani mai faɗi tare da 'yan uwansa, tsarabar yayana Solomon da ya zo hutu daga aikin soja. Mu gidan sojoji ne. Baba soja, yayyena sojoji, ni kaɗai na fito da hannun da bai iya riƙe komai ba sai alli da buroshi. Da Solomon ya miƙo mini gwangwanin sai ya ce, "Ga naka harsasan, ka riƙe da kyau." Aka yi dariya, ni ma na taya, amma na riƙe da kyau ɗin.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, ba wani babban aiki ba ne. In na taso daga makaranta sai in yanki takarda kamar faɗin tafin hannu, in jiƙa buroshi, in shimfiɗa kalar ruwa sama-sama, in ajiye a bakin taga ta sha iska. In ta bushe sai fensir ya hau kai ya fitar da abin da ruwa ya kasa fitarwa. Nakan ce wa mutane tsadar takarda ce ta sa nake yin su ƙanana. Gaskiyar ita ce ƙaramar takarda tana shiga aljihu da sauri in aka yi sallama, domin magidanci mai iyali da aka kama yana wasa da kalar yara yana da bayanin da zai yi.

A cikin wannan aiki Ɗan Ƙasa ne ya ɗauki nauyin gida. Shuɗi yakan fito sau ɗaya ya yi sararin sama ya koma ya kwanta. Kore yana aikin damina, da rani sai hutu. Amma duk inda ka juya a ƙasarmu aikin marigayin ne: jikin rumbu, gindin tulu, duwatsun da suka kewaye gari, zangarniyar dawa da ta nuna, hanyar Sakaba bayan an ɗauke ruwa, bayan akuya, hannun mai sussuka. Bai taɓa cewa yau ba ranarsa ba ce. Ya yi haƙuri da reza. Ya yi haƙuri da haƙorana, domin in tunani ya sha mini kai shi nake taunawa. Sau da yawa ya gangaro daga tebur ya faɗi ƙasa, in ɗauke shi gabana na faɗuwa, in tarar ɓargonsa lafiya lau.

Ba mai yawan magana ba ne. In yana aikin inuwa za ka ji shi yana shaf, shaf, shaf a hankali. In ya shiga tsagewar bango ko gashin akuya sai muryar ta koma siririya, tsit, tsit. Matata Glory takan gane daga madafi ko zanen yana tafiya daidai, domin in ta ji shiru ta san yana bakina.

Tsufa ya zo masa ta hanyar da yake zo wa duk fensir mai gaskiya, wato ta gajarta. Da ya gaza cika yatsu sai na samo masa karan dawa, na rarake, na cusa shi a ciki, ya zama sandar tsufansa. A haka ya ci gaba da aiki. Da na bar shi da rumbu da tulu, da yanzu yana nan.

Rashin lafiyarsa ta ƙarshe ta samo asali ne daga wata kalma guda, kuma kafin in faɗe ta dole in gabatar da surukata, mahaifiyar Glory, wadda nake kira Mama. Lokacin da na je neman aure, kawunnan Glory suka juya tafin hannuna suka duba. A zamaninsu saurayi sai ya yi shekaru yana golmo, wato noma a gonar surukai, kafin a ba shi mata, ga shi an kawo musu wanda fartanya za ta yi wa kanta a yini ɗaya. Mama ce ta tsaya mini. Ta ce yatsun hannu ma ba ɗaya ba ne, a ƙyale yaro. Da bakinta na sami mata, kuma tun daga ranar duk wanda ya yi mini dariya a Manga da ita yake yi.

Ni kuwa na biya ta da abin da aka koya mini, wato kunya. Ban taɓa duban tsabar idonta ba. In na je gaisuwa sai in durƙusa tun daga ƙofa, idona a ƙasa har in tashi. Ko daga nesa na hango ta, kaina yakan sunkuya da kansa. Na san ƙafafunta sarai. Na san yatsan da fartanya ta taɓa sara, na san kaushin dugaduganta, na san bakin kowane zane da take ɗaurawa. Da ƙafarta aka ce in zana, da ido a rufe zan yi. Mutane suna yaba mini wannan ladabi, ni ma ina yaba wa kaina.

Akwai kuma matsalar harshe. A bariki na tashi, abin da na iya na C'lela, harshen mutanenmu, bai wuce gaisuwa da sunan abinci ba. Ita kuma Hausarta ta kasuwa ce da majami'a. A tsakiya muke haɗuwa, kowa da ɗan guzurinsa.

Da dawa ta fara nuna na je gaishe ta. Na daɗe ina so in yi mata wani abu da hannuna, abin da zai nuna ba ta yi asarar bakinta ba. Ina durƙushe, haɓata a ƙirji, na ce, "Mama, bana ni zan kawo miki zane kafin Godiya."

Ta ce, "Kai da kanka?"

Na ce, "Ni da kaina. Mai kala, irin wanda babu mai shi a Manga."

Ta ce, "Allah shi yi ma albarka, ɗana."

Masu karatu sun riga sun ga ramin da ni ban gani ba. Zanen da ake ɗaurawa da zanen da ake yi a takarda, hawa da saukar murya ne kawai ya raba su, kuma mutumin da yake magana da ƙasa muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Ga shi a Manga ranar Godiyar Kaka kowace dattijuwa da sabon zane take shiga majami'a, wanda 'ya'yanta suka saya mata, ta nan ake gane wadda aka tuna da ita. Kowace shekara Glory ce take saya. Bana Mama ta aiko mata cewa ta huta, mijinta ya ɗauke mata. Glory ta ji daɗi har ta kasa tambayata, don kada ta ɓata mini shiri. Ni kuma ina ɓoye mata takardata, don kada in ɓata wa kaina shiri. Mama kuwa ta gaya wa matan zumunta kaf cewa surukinta na Zuru, wanda ake cewa ba ya iya komai, zai kawo mata irin wanda babu mai shi.

Tunda ba zan iya zaunar da ita in dube ta ba, sai na ɗauki hotonta daga wayar Glory, wanda aka yi da Kirsimeti. Wayar irin mai gyara fuska ce da kanta, ta goge duk abin da ta ga dama ta bar mutum sumul kamar ƙwai. Na san da haka, amma ban yi tunani ba. Na shimfiɗa kalar ruwa, na kira Ɗan Ƙasa, muka shiga. Makonni muka yi. Fuskar mutum ba jikin rumbu ba ce, sai an hau kala a kan kala, a bi goshi, a bi gefen hanci, a koma a sake. Kullum reza tana cin rabonta. Ina gani yana ƙarewa, ina ce masa ya daure, wannan ne aikin da za a tuna da mu. Da muka gama bai fi gaɓar ɗan yatsa ba, amma na dubi takardar na ce ban taɓa yin mai kyanta ba.

Ranar Asabar muka hau mashin ni da Glory. A hanya ta dubi hannuna ta ce, "Baban Success, ina kayan?" Na dafa aljihun riga na ce yana nan. Daga baya ta gaya mini ta ɗauka kuɗin ne a ambulan, ta ce a ranta ba haka aka so ba amma da sauƙi.

Mun tarar da gidan cike. Matan zumunta suna koyon waƙoƙin gobe, da tulunansu na kiɗa, shugabarsu Mama Rachel a gaba. Da aka gan mu kiɗa ya tsaya. Mama ta wanke hannu, ta ɗauko sabon faifai ta ajiye a gabana don a ɗora kaya. Na durƙusa, na zaro ambulan, na ɗora a tsakiyar faifan. Wata ta fara guɗa, ta kai rabi, ta haɗiye sauran.

Na ga hannun Mama ya sauko ya ɗauka. Na ji ta buɗe, na ji ta girgiza ambulan ɗin ko akwai wani abu a ciki. Mama Rachel ta matso ta leƙa, ta ce, "Malam, wannan samfur ne? Sauran yadin yana wurin tela?"

Na ce, "Zanen ke nan."

Glory ta nemi turmi ta zauna a kai. A lokacin ne kalmar ta juyo ta dube ni da ɗaya fuskarta. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar Manga tauri gare ta. Abin da ya fi ƙona ni shi ne babu wadda ta yi dariya. Da sun yi, da na samu abin riƙewa.

Mama ce ta yi magana. Ta ce, "Laihina na. Hausata gajera ta, yaro ya faɗi daidai, ni na ji baibai." Ta ɗauki kayan kunyata ta ɗora a kanta a gaban ƙawayenta, ina durƙushe ina ji, ban iya buɗe baki na ce a'a ba.

Sai ta ƙura wa takardar ido. Ta daɗe. Can ta ce, "Wagga mata kyakkyawa ta. Ɗiyar wa ta?"

Na ce, "Ke ce, Mama."

Ta ce, "To ina zanen huskata?"

Ashe kalmar tana da fuska ta uku. Mama tana da tsage a kumatu, layi-layi daga kusa da kunne zuwa gefen baki, na gidansu, wanda aka yi mata tun tana yarinya. Kowa a Manga ya san shi. Ɗana Success ya san shi, yakan bi shi da yatsa in ta ɗauke shi. Waya ta goge, ni kuma na yi makonni ina duban hoton ban ga an ɗauke komai ba, domin ban san akwai abin ɗaukewa ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa rashin sanin ni na gina shi da hannuna, ina kiransa ladabi.

Nan take na zaro Ɗan Ƙasa daga aljihu. Ko a lokacin ban ɗaga kai ba. Glory ce ta taso ta tsuguna kusa da ni tana nuna mini da farce a kan takardar, nan, zuwa nan. Marigayin ya bi kuncin hagu layi bayan layi, da 'yar muryarsa, tsit, tsit, bai yi gardama ba. Da muka juya kuncin dama na danna shi fiye da ƙarfinsa. Sautinsa na ƙarshe shi ne ƙas. Na ciro reza don in fiƙe shi, itacen ya rabe biyu, ɓargon ya zube gari a tafin hannuna. Haka ya cika, ya bar surukata da zane a kunci ɗaya.

Washegari aka yi Godiya. Na so in gudu Zuru, Glory ta ce in na gudu in wuce gidanmu kai tsaye. Na zauna a ɓangaren maza ina nazarin takalmina. Dattijai mata suka shigo cikin sababbin zannuwa masu ƙamshin kanti. Na gane Mama ta bakin zanenta, wani tsohon mai ganye-ganye wanda na san shi tun ina neman aure, ta wanke shi tas, kalarsa ta koɗe. Ba ta ɓuya a baya ba, a layin gaba ta zauna.

Da aka zo miƙa baiko, kowa ya taso da rawa ɗauke da amfanin gonarsa, masu dawa, masu doya, masu kabewa, masu kaji. Na ji majami'a ta ɗauki ƙus-ƙus, na saci kallo. Mama ce take tahowa da rawa, faifai a kanta, a tsakiyarsa 'yar takardata. Ta sauke a gaban Japhet, mai yin gwanjon kayan baiko bayan sujada, ta ce da ƙarfi yadda na baya za su ji, "Amfanin gonar surukina na."

Japhet mutumin kirki ne, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ɗaga takardar sama, na baya suka ce ba su ganin komai. Ya yabi kalar, ya yabi ɗankwalin. Babu hannun da ya tashi. An sayar da kabewa da gardama, an yi rububin zakara, amma aikin da ya ci ran Ɗan Ƙasa ya tsaya a sama kamar ba kowa a ɗakin. Sai Mama ta ɗaga hannu ta ce ta saya da kazarta mai kwanci da ke gida. Japhet ya buga tebur da sauri. Ta karɓi kayanta ta soke a ƙugu. Ban san ko rufa mini asiri ta yi ko hukunta ni ta yi ba, kuma ina zaton duka biyun ne. Na yi kuka a wurin, na ce wa na kusa da ni mura ce.

Marigayin ya rasu ya bar 'yan uwa da dama a gwangwani. Akwai Ja da Baƙi, waɗanda aka gwada haɗa su don su riƙe muƙaminsa, suka fitar da wata kala da ba ta kowa ba. Akwai Shuɗi da Kore da Ruwan Goro. Akwai Ruwan Hoda, wadda ba ta taɓa samun aiki a Zuru ba sai a hancin alade. Akwai kuma Fari, wanda yake nan da tsayinsa da ƙibarsa kamar ranar da ya zo, bai taɓa ganin reza ba, kuma da alama shi zai binne mu duka. Ya bar abokan aiki, buroshi mai sanƙo da kofin wanke shi, da magogi wanda ya goge kurakurai masu yawa amma ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Ya bar sandarsa ta kara. An nemo magajinsa a kasuwa, sai dai ba a sayar da ruwan ƙasa shi kaɗai, dole na sayi kwalin 'yan makaranta gaba ɗaya, don haka yanzu Fari biyu nake ciyarwa.

Iyalai suna godiya ga duk waɗanda suka zo gaisuwa, har da waɗanda suka zo don su ga fuskata kawai. Muna godiya ga Solomon da ya bugo waya ya yi ta'aziyya, ko da yake ba a ji ƙarshenta ba saboda dariya.

Game da jana'iza, an samu jinkiri, kuma ga dalili. Bayan Godiya na je kasuwa na sayi zane na ɗaurawa, mai kyau, na ba Glory ta kai. Da yamma ta dawo da shi a naɗe yadda ya tafi. Mama ta ce a ajiye wa baɗi, Godiyar bana ta wuce. Ta kuma ba da saƙo, Glory ta maimaita mini shi kalma da kalma, tana tsaye a kaina:

"Ki ce ma mijinki ba ni zama a bango da kunci guda. Shi zo da sabon iccenai, in zamna, shi dube ni. Kunyatai ta ci mini zane biyu, ta isa hakanan."

Saboda haka ga yadda aka tsara. Gawar tana kwance cikin kwalin ashana a kan tagar ɗakina, ga mai son ganawar ƙarshe. Za a ɗauke ta ranar Asabar mai zuwa da safe, a kan mashin, zuwa Manga. Za a binne a bayan rumbun Mama, wurin da ita ta zaɓa, ta ce wanda ya mutu a kan aikinta a gidanta zai kwanta. Mama Rachel ta ce matan zumunta za su zo da tulunansu. Na roƙa a bari, an ce ba ni ke da gawa ba.

Bayan an rufe ƙasa za a ajiye kujeru biyu a gindin mangwaro, suna fuskantar juna. Mama za ta zauna a ɗaya. Ba a buƙatar gudummawa ko abinci, kuma marigayin ba ya buƙatar addu'ar kowa, ya gama nasa lafiya. Mai makoki ne yake buƙata. An ba Glory izini ta tsaya a bayana, in ta ga kaina ya fara sauka ta tallafo haɓata. Shekara da shekaru ina cin tuwon matar nan ina amsa sunan ɗanta. Ranar Asabar, in Allah ya kai mu, zan dubi fuskarta.